Canjin Tayar Babur a Kano: A Gida Ko Wajen Mai Faci? Tambayoyi da Amsoshi

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mutane da yawa a Kano sun kafe motocinsu sun koma kan babur, ciki har da waɗanda rabonsu da hawansa tun suna samari. Da su da sababbin hawa, tambayoyinsu kan taya kusan iri ɗaya ne, kuma su ne na tattara a nan. Na yi shekaru ina hawan babur a garin nan, na canza taya a ƙofar gida, na kuma sha zama a bencin masu faci.

Yaya zan gane lokacin canjin taya ya yi?

Kada ka jira sai ta suɗe kamar tafin hannu. Duba gefen tayar, za ka ga 'yar alama mai kusurwa uku ko haruffan TWI. Ka bi saitinta zuwa cikin zanen, akwai wani ɗan tudu a cikin kwarin. Ranar da saman zanen ya yi daidai da wannan tudu, tayar ta gama aikinta, ko da kana ganin sauran kyau a jikinta.

Bayan zane akwai tsagewa. Ranar Kano ba ta raga wa roba, babur ɗin da yake wuni a rana a bakin kasuwa ko harabar ofis za ka ga gefen tayarsa ya yi faso kamar ƙafar manomi da hunturu. Idan tsagar ta yi zurfi har ana hango zare, ko wani wuri ya kumbura ya yi ƙulu, babu sauran shawara. Haka idan ta fara yawan faci, wata guda ka je wajen mai faci sau uku: naman tayar ne ya yi siriri, kowace ƙaya sai ta ratsa.

Ni da kaina zan canza, ko in kai wa mai faci?

Ga mafi yawan mutane, amsata ita ce ka sayi tayarka da kanka, ka kai wa mai faci, ka tsaya a kansa har ya gama. Kano ba garin da mai faci yake wahalar samu ba ne. Daga Titin Zariya zuwa Titin Katsina da wuya ka yi tafiyar minti biyar ba ka ga injin iska da tsohuwar taya a rataye ba, kuma kuɗin aikin bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin tayar. Wanda yake cire taya ashirin a rana ya fi ka hannu, wannan ba abin musu ba ne.

Amma hannu daban, kula daban. Mai faci yana sauri ne saboda akwai mai Adaidaita Sahu biyu da ke jiransa, kuma ba shi zai hau babur ɗin ba. Shi ya sa nake son kowane mai babur ya canza taya da hannunsa ko sau ɗaya ne, ranar da ba shi da uzuri. Wanda ya taɓa yi ya san inda ake kuskure, kuma idan ya tsaya a kan mai faci ya san abin da yake kallo. Ga kuma ranar da taya za ta sace maka da daddare a hanyar ƙauye, inda babu kowa sai kai da fitilar waya. Matakan aikin gida suna can ƙasa, abin da za ka lura da shi a wajen mai faci kuma yana da tasa tambayar.

Mene ne ma'anar lambobin da ke jikin taya?

Ka ɗauki 3.00-17. Lambar farko faɗin tayar ce da inci, ta biyu kuma girman wilin da za ta hau, shi ma da inci. Bajaj Boxer mai inji 100 yana ɗaukar 2.75-17 a gaba da 3.00-17 a baya. Baburan da aka ƙera kan samfurin Honda CG 125 da Suzuki AX100, irin su tsofaffin Jincheng, galibi wilinsu 18 ne, su kuma roba-roba 17 ne amma tayarsu ta fi siriri. Tayar 17 ba ta hawa wilin 18, ko da wa ya rantse maka. Akwai kuma wani salon rubutun, kamar 90/90-17: faɗi milimita 90, tsayin gefe kashi 90 cikin ɗari na faɗin.

Za ka ga 4PR ko 6PR ko 8PR, wannan ƙarfin jikin tayar ne wajen ɗaukar nauyi. Mai ɗauko buhun masara daga Dawanau ko dilar atamfa daga Kwari ya nemi 6PR ko sama a baya. Lamba da harafi irin 50P kuma suna nufin nauyi da gudu: 50 kilo 190 ke nan, P kuma kilomita 150 a awa. Ka lissafa kanka da wanda ka goya da buhu, ka ga yadda kilo 190 yake cika da wuri.

Zan iya sa wadda ta fi ta asali faɗi? Ta fi kyau a ido.

Samari suna son haka. Taki ɗaya sama, kamar daga 2.75 zuwa 3.00, sau da yawa yana shiga ba matsala idan ba ta gogar sarƙa ko murfinta. Fiye da haka, siririn wili yana matse faffaɗar taya ta yi tsini a tsakiya, sai ta ƙi zama daidai a kwana, ta ƙara wa inji nauyi, ta ƙara shan mai. A zamanin nan kuwa ba na jin akwai mai neman ƙarin shan mai don ado.

Ina zan saya, kuma yaya zan kauce wa tsohuwar ajiya?

Masu kayan babur suna nan a Sabon Gari da Fagge da Ƙofar Ruwa, kuma kusan kowace unguwa tana da shagon da ke sarowa daga can. Michelin sun rufe masana'antarsu ta Fatakwal a 2007, Dunlop suka bi baya a Legas a 2008, don haka tayar da ke kasuwa galibi ta waje ce, daga Indiya da Sin da Taiwan da makamantansu. Wannan ne dalilin da farashinta yake bin dala sawu da ƙafa. Za ka ci karo da sunaye irin su MRF da CEAT da Kenda da Duro, da wasu tuli da ba ka taɓa ji ba, har da masu kwaikwayon sunan wasu da canjin harafi ɗaya. Ka karanta sunan da kyau.

Abin da ya fi suna muhimmanci shi ne ranar ƙira. A gefen taya akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye, yawanci a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 1524 na nufin mako na 15 a 2024. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, balle wadda ta yi shekaru a shago mai rufin kwano. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana jan kunne kan tayar da ta haura shekara huɗu da ƙerawa. Ni dai idan sabuwa zan saya, ba na karɓar wadda ta wuce shekara biyu a ajiye. Idan leda ta rufe lambar, ka ce, "Alhaji, a ɗan buɗe min in ga shekararta." Mai kaya mai kyau ba ya jin haushin wannan.

Ka kuma dubi bakin tayar, inda wayar ƙarfe take a cikin robar. Wasu masu shigo da kaya suna cusa taya cikin taya don rage kuɗin dako, abin da hukumar SON mai kula da ingancin kaya take kamawa, kuma yana lanƙwasa wayar bakin. Idan ka ajiye ta a ƙasa ka ga bakin ya karkace, mayar musu.

Tayar gwanjo fa? Ta fi araha.

A mota ma ba na son ta, balle a babur. Mota tana da ƙafa huɗu, idan ɗaya ta fashe akwai uku. Babur kuwa abin da ya haɗa ka da kwalta bai fi tafin hannu biyu ba. Tayar gwanjo ba ka san ramin da ta faɗa ba, ba ka san ko an yi tafiya da ita babu iska ba, wasu ma ana sake yanka musu zane da wuƙa don su yi kama da masu rai. Idan aljihu ya yi ƙasa, gara sabuwa mai sauƙin kuɗi da ranar ƙira ta kusa. Idan kuma ɗaya kawai za ka iya saya alhali duka biyun sun gaji, duba tambayar gaba da baya.

Dole ne in canza tib duk lokacin da na canza taya?

Ba dole ba ne, amma shi ne daidai. Tib yana buɗewa ya ɗauki siffar tsohuwar taya, idan aka tura shi cikin sabuwa sai ya naɗe a wani wuri, wurin naɗin nan kuma shi ne zai tsage wata rana da tsakar rana. Tib mai faci fiye da biyu, ko wanda gindin bawul ɗinsa, wato bakin da ake buga iska, ya yi tsatsa, kada ya koma. Ka sayi mai lamba daidai da tayar. Sannan ka duba robar da ke zagaye cikin wili, wadda ta rufe kawunan wayoyin wilin. Idan ta tsinke ko ta zame, kan waya zai riƙa huda tib daga ciki, ka yi ta zargin ƙusa alhali ɓarawon a cikin gida yake.

Wane kayan aiki nake bukata a gida?

Liba biyu ko uku ta cire taya, sifanu daidai da notin wilinka, filaya, ɗan makullin cire ƙwayar bawul, famfon iska na ƙafa ko na hannu, gejin auna iska, ruwan sabulu da hoda. Ka shimfiɗa kwali ko tsohuwar tabarma don kada ƙasa ta shiga boris. Kada ka yi amfani da sukundireba a madadin liba, bakinta yana cizon tib yana kuma ƙarzar wili. Kada kuma ka shafa baƙin mai don taya ta zame ta shiga, mai yana cin roba, kuma yana sa taya ta riƙa juyawa a kan wili ta tsinke bawul.

To yaya ake yin aikin, daki-daki?

Ka ɗora babur a kan babbar ƙafarsa ta tsakiya, a wuri mai tauri. Kafin ka kwance komai, ɗauki hoton ɓangarorin biyu da waya, zai yi maka rana. A wilin baya mai birkin ganga, ka kwance notin sandar birki, ka cire ƙarfen da ke riƙe da faifan birkin, ka kwance babban noti ka zare sandar wili. Akwai ɗan guntun bututun ƙarfe da zai faɗo, ka lura da gefen da yake. A wasu baburan faifan sarƙa yana zama a jikin babur wilin kaɗai ya fito, a wasu sai ka sauke sarƙar. A wilin gaba kuma wayar birki da wayar mita ne za ka cire. Ka jera komai a kan kwali bi da bi yadda ya fito.

Cire ƙwayar bawul iska ta fita duka, ka kwance ɗan notin bawul, ka taka gefen tayar da dunduniya har bakinta ya saki wili ta kowane gefe. Ga sirrin aikin gaba ɗaya: tsakiyar wili yana da kwari. Idan ka danna bakin tayar ya faɗa cikin kwarin nan a gefen da ke nesa da inda kake sa liba, sai ta ba ka sarari ta fito cikin sauƙi. Duk wanda ka ga yana gumi yana kokawa da liba, ya manta da wannan ne. Ka fara kusa da bawul, ka riƙa ɗan cizo kaɗan-kaɗan, kada ka zura liba da zurfi. Gefe ɗaya ya fito, ka zaro tib, sannan ka fitar da ɗaya gefen.

Wajen mayarwa, nemi kibiyar da ke gefen sabuwar taya, ita ce ke nuna inda za ta riƙa juyawa. Shafa ruwan sabulu a bakinta, ka shigar da gefe ɗaya. Ka ba tib iska 'yar kaɗan don ya yi siffa, ka barbaɗa masa hoda, ka fara zura bawul a raminsa sannan sauran. Gefe na biyu ka fara daga nesa da bawul ka ƙare a wajensa, da hannu da gwiwa gwargwadon iko, liba sai a ƙarshe. Tura bawul ciki kaɗan don kada bakin taya ya danne tib. Ka ba ta iska, ka duba siririn layin da ke zagaye gefen taya: tazararsa da bakin wili ta zama ɗaya ko'ina. Idan ya nutse a wani wuri, sace iskar, ƙara sabulu, sake bugawa. Abin da ya rage na ɗaurawa yana cikin amsar da ke biye, domin abu ɗaya ne ko kai ka yi ko wani.

Idan na kai wa mai faci ko bakanike, me zan sa wa ido?

Kibiya tukuna. Na taɓa barin babur wajen wani mai faci na tafi sallar la'asar, na dawo an gama, sai bayan kwana biyu na lura an sa tayar a juye. Da na koma sai ya ce, "Ai Malam duk ɗaya ne, zagaye take." Ba ɗaya ba ne, zanen an yi shi ne don ya kore ruwa ta fuska guda. Tun daga ranar ba na matsawa, kuma yawanci ba ogan ne yake irin wannan ba, yaron da aka bar wa aikin ne.

Sai guntun bututun nan da washa, a tabbata sun koma inda suke, in ba haka ba wili zai matse boris. Sai sarƙa: alamomin da ke gefen biyu na wurin ɗaure wili su zo daidai da juna, kuma sarƙar ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar santimita 2 zuwa 3 a tsakiyarta. Wadda aka ɗaure tamau tana cin faifan sarƙa da boris. Sai babban noti da 'yar ƙusar da ke hana shi kwancewa, wadda ake yawan yarwa a ce ba ta da amfani. Daga nan ka juya wilin da hannu ka taka birki ka gani ko yana kamawa, tun kafin ka shiga titi. Ka faɗa da ladabi, "Maigida, a ɗan duba min sarƙar nan," ba sai an yi rigima ba. Idan kuma ka ji wili yana girgiza gefe da gefe, ko wayoyinsa sun saki, wannan ya wuce mai faci, aikin bakanike ne ko mai ɗaurin wili.

Iska nawa ya kamata a buga?

Littafin babur ɗinka ko takardar da ke manne a murfin sarƙa su ne alƙali. A ƙananan baburan da suka cika garin nan, abin yana kaiwa kamar 25 a gaba, 28 a baya idan kai kaɗai ne, 32 idan da goyo, a ma'aunin PSI da gejin masu faci yake nunawa. Lambar da aka rubuta a jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bugawa kullum ba.

Matsalar ita ce masu faci da yawa da yatsa suke aunawa, ko su ƙwanƙwasa da sifana su ji ƙara, kuma sun fi son ta yi tauri kamar dutse don a ga sun yi aiki. Taya mai iska fiye da kima tsakiyarta kaɗai ke taɓa ƙasa, tana tsalle a rami, tana zamewa a yashin da ke taruwa a bakin kwalta. Mai ƙarancin iska kuma tana zafi, tana cin gefe, tana shan mai, kuma idan ka faɗa rami wili yana datse tib ya yi huda biyu kamar saran maciji. Ka mallaki gejinka, ka auna da safe kafin ka hau, mako-mako. A watan Afrilu da zafi ke kaiwa digiri 40, iska tana ƙaruwa da kanta idan taya ta ɗau zafi, kada ka sace ta a lokacin. Da hunturu kuma da asuba za ka tarar ta ɗan ragu.

Gaba da baya tare ake canzawa?

A'a. Ta baya ita ke ɗauke da nauyi da tura babur, takan ƙare kusan sau biyu kafin ta gaba ta ƙare sau ɗaya. Amma ta gaba ita ce ta tuƙi da yawancin birki, kuma zamewar gaba ba ta ba mutum damar gyarawa, sai dai ya ji shi a ƙasa. Saboda ba ta saurin suɗewa, mutane suna barin ta har ta tsufa ta bushe, don haka ita ranar ƙira da tsagewa za ka fi dubawa, kamar yadda aka yi bayani a sama. Idan duka sun mutu kuɗin ɗaya gare ka, ni gaba zan fara saya, in lallaɓa ta baya zuwa ƙarshen wata ba tare da goyo ba. Kuma kada ka mayar da tsohuwar ta baya gaba. Mafi kyawun lokacin wannan duba shi ne watan Mayu, kafin ruwa ya sauka sosai, don wanda ya bi ƙarƙashin gadar Kabuga ko lungunan Ɗorayi da Kurna a watan Agusta ya san abin da suɗaɗɗiyar taya take yi.

Taya maras tib ta fi? Zan iya komawa kanta?

Ta fi ta fuska ɗaya babba: idan ƙusa ta shige ta, iska a hankali take fita, sau da yawa har ka isa gida, saɓanin mai tib da ke sacewa nan take. Amma sai da wilin da aka yi dominta, irin na zubi. Wili mai wayoyi yana yoyon iska ta ramukan wayoyin, don haka ko ka sa masa taya maras tib sai ka haɗa da tib. Ita kuma cire ta a gida ya fi wuya, bakinta yana kama wili gam, kuma famfon hannu ba ya iya zaunar da ita sai injin iska. Wannan kam ka kai wa mai faci. Facinta na zare da ake turawa daga waje yana yi idan hudar a tsakiyar zane take kuma ƙarama ce. Huda a gefen taya ba ta faci, ko mai tib ce ko maras tib.

An sa min sabuwa amma ina jin tana santsi. Jabu ce?

Ba lallai ba. Sabuwar taya fatarta sumul take, sai ta ɗan gogu da kwalta take fara kamawa sosai, kuma kai ma ka saba da tsohuwa da ta baje, wannan mai zagayen baya sai ka ji kamar tana saurin kwanciya a kwana. Ka bi ta a hankali kilomita ɗari na farko ko sama da haka, ban da birkin gaggawa da kwanciya a shataletale. Washegari ka sake auna iska ka taɓa notin wili. Idan santsin bai daina ba, koma kan tambayar iska, don sau da yawa an cika mata ne.

Tsohuwar fa, me zan yi da ita?

Taka ce, kana iya barin wa mai faci ko ka tafi da ita. Idan ka kai gida kada ka jefa ta bayan ɗaki ko kan rufi, ruwan sama yana kwanciya a cikinta sauro ya samu gidan haya kyauta. Kada kuma a ƙona ta, hayaƙin guba ne. Tsohon tib ya fi ta amfani: a yanka shi tsaye ya zama robar ɗaure kaya a bayan babur, wadda ta fi igiya riƙo, guntayensa kuma masu faci suna so. Tayar kuwa yaran unguwa za su karɓe ta da murna su yi gare-gare, sai dai ka duba tukuna ko waya ta fito a bakinta.